Abubuwan ban mamaki a taƙaice: Nanoha A's, zango na biyu da ya danne na farko

A harkar fim mai dogon zango an saba ganin zango na biyu ya zo da sanyin jiki. Labari ya riga ya ƙare tun a na farko, amma da yake kasuwa ta yi kyau sai a ci gaba da jan sa har ya gundiri mutane. Masu kallon anime, wato katun ɗin ƙasar Japan, suna da sunan da suke yawan kawowa idan ana gardamar ko ƙani zai iya fin wansa, shi ne Magical Girl Lyrical Nanoha A's. An nuna shi a gidajen talabijin na Japan daga Oktoba zuwa Disamba 2005, kashi 13, shekara guda bayan zangon farko. Kamfanin Seven Arcs ne ya zana shi, Masaki Tsuzuki ya rubuta labarin. Ni ina cikin masu cewa ya fi na farko nesa ba kusa ba, kuma abubuwan da na tattaro a nan su ne hujjata, wasu manya, wasu kuwa ban mamakinsu kawai ya sa na kawo su. Wanda ba ya son a ba shi labarin fim kafin ya gani da idonsa ya yi haƙuri, zan fasa ƙwai a wurare da yawa.

Ƙanwar jarumi ce ta gaje gida

Ba don wannan shiri aka ƙirƙiri Nanoha Takamachi ba. Ta fara fitowa ne a shekarar 2000 a wani wasan kwamfuta na manya mai suna Triangle Heart 3, inda take 'yar autar gidan su jarumin wasan, Kyoya. Daga baya aka yi mata wani ɗan gajeren labari na nishaɗi, aka miƙa mata sanda, aka ce ta zama yarinya mai sihiri. Yau mutane da yawa sun san Nanoha ba su taɓa jin sunan wasan da ya haife ta ba. A wasan, mahaifinta Shiro ya rasu a bakin aikinsa na gadin manyan mutane. A katun ɗin kuwa an bar shi da ransa, yana tsaye a shagon shayi da kek na iyalinsa mai suna Midoriya.

Zangon farko, na 2004, ya fara ne da abin da aka saba: yarinya 'yar shekara tara ta tsinci wata 'yar dabba mai magana, aka ba ta jan dutse mai rikiɗa ya zama sanda, aka ce ta tattaro wasu duwatsu 21 masu haɗari. Duk wanda ya kalli Cardcaptor Sakura zai ce ai ya san wannan hanya. Sai da Fate Testarossa ta shigo a kashi na huɗu, da baƙar alkyabba da ido mai cike da baƙin ciki, sannan shirin ya gano inda ya dosa. Zango na biyu bai ɓata ko minti goma yana laluben hanya ba.

Darakta ya tafi, shiri bai faɗi ba

Akiyuki Shinbo ne ya ba da umarni a zangon farko. Da aka zo na biyu ya riga ya koma aiki da kamfanin Shaft, sai Keizo Kusakawa ya karɓi ragama. Shi Shinbo ɗin, a 2011, shi ya jagoranci Madoka Magica, shirin da ya girgiza masu kallo da irin duhun da ya zuba a labarin yara mata masu sihiri. Ashe tun shekara bakwai kafin nan hannunsa ya taɓa shiga wannan tukunya.

An kayar da jaruma tun kashi na farko

Wata shida bayan zangon farko, a wani dare na Disamba, wata 'yar guntuwar yarinya mai jar riga da guduma a hannu ta faɗo wa Nanoha ba sallama. Sunanta Vita. Nanoha, wadda muka bari tana tashe, ta harbo mata wuta, wutar ta ɗauke hular da ke kan Vita. Nan idon yarinyar ya juye. Ta ɗana wani abu a cikin gudumarta, aka ji ƙaras, gudumar ta yi aman wuta ta baya, ta fasa garkuwar Nanoha, ta tsattsaga mata sanda, ta watsa ta cikin wani bene. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Fate ce ta iso a kan gaɓa ta tare bugun ƙarshe, da aka tambaye ta ko ita wace ce a wurin wannan yarinya, ta amsa da cewa ƙawarta ce. Wanda ya san wahalar da aka sha a zangon farko kafin bakin Fate ya iya furta wannan kalma, ya san abin da amsar ta ɗauko.

A kashi na biyu abin ya ƙara muni. Aka datse sandar Fate gida biyu, ita kuma Nanoha tana cikin tara ƙarfin harbinta mafi girma sai ga hannun mutum ya ɓullo ta ƙirjinta, riƙe da ƙwayar hasken da sihirinta ke fitowa daga ciki. A haka, da hannun a ƙirji, ta daure ta saki harbin. Dalilin fushin Vita a kan hula kuwa sai can gaba mai kallo zai gane shi.

Sandar sihiri mai gidan harsashi

Abin da Vita ta ɗana harsashi ne. A duniyar Nanoha sihiri lissafi ne da na'ura, akwai hukumar da ke kula da shi, da kotu, da jiragen da ke ratsa sararin samaniya, da injiniyoyi masu gyaran sanduna. Sababbin abokan gabar suna aiki da tsohon salon Belka, inda ake matse ƙarfin sihiri a cikin kwanso, a ɗana, ya fashe a cikin makami, ƙarfi ya ninka na ɗan lokaci, fankon kwanson ya yi tsalle ya faɗo yana hayaƙi. Da aka kai sandunan Nanoha da Fate wurin gyara, su sandunan da kansu suka ƙi yarda an gama aiki, suka nuna a allon kwamfuta cewa akwai wani sashe da suke buƙata, mai lamba CVK-792, wato na'urar harsashin nan ta Belka. Sun ji zafin kayen da aka yi wa iyayen gijinsu. Raising Heart ta Nanoha ta dawo da gidan harsashi irin na bindigar soja, Bardiche na Fate ya dawo da mai juyawa irin na ƙaramar bindiga mai cin shida.

Makamai masu Turanci, makamai masu Jamusanci

Sandunan jarumai da Turanci suke magana, makaman Belka kuwa da Jamusanci, duk a cikin shirin Japananci. Muryar Raising Heart ta Donna Burke ce, 'yar ƙasar Ostireliya mazauniyar Japan. Duk wanda ya shiga jirgin ƙasa mai gudun tsiya na Shinkansen tsakanin Tokyo da Osaka ya ji sanarwar tashoshi da Turanci, ita ya ji, kuma ita ce ta rera wasu waƙoƙin wasan Metal Gear Solid. Gudumar Vita, Graf Eisen, da takobin abokiyar yaƙinta Signum, Laevatein, muryar Tetsuya Kakihara ce, Bajapane haifaffen Düsseldorf wanda ya tashi a Jamus har ya kai shekara 18. A lokacin sabon shiga ne. Shekaru kaɗan bayan nan ya zama muryar Simon a Gurren Lagann da Natsu a Fairy Tail.

Sunayen motoci

Sababbin abokan gabar mayaƙa huɗu ne, ana kiran su Wolkenritter: Signum mai takobi, Vita mai guduma, Shamal mai zobba da warkarwa, da Zafira, namiji ɗaya tilo, mai rikiɗa ya zama shuɗin kyarkeci. Duk sunayen motoci ne. Signum da Zafira na kamfanin Opel ne, kuma Zafira ɗin dai ita ce wadda mai karatu ya sha gani a titunanmu. Vita ita ce Opel Corsa, an sauya mata suna a Japan saboda Toyota ya riga ya mallaki sunan Corsa a can. Shamal ta Maserati ce, motar Italiya da ba a ƙera ko 400 ba. Ita kanta Fate, Testarossa ɗinta Ferrari ce ta 1984. Marubucin bai daina ba, a zango na uku ya kawo Subaru da Teana da Vivio.

Fim ɗin da ba shi da bos

A nan ne zango na biyu ya yi wa na farko fintinkau. A na farko akwai muguwa a fili, Precia, uwar da ke zane Fate da bulala. A na biyu ka nemi wanda za ka tsana ka rasa.

Hayate Yagami marainiya ce, ita kaɗai a gida, a keken guragu, ba ta da wurin zuwa sai asibiti da laburare. Daren da ta cika shekara tara, 4 ga Yuni, wani tsohon littafi ɗaure da sarƙa da ke kan kantarta ya buɗe, mayaƙan nan huɗu suka fito suka durƙusa suna jiran umarni. Sun shafe ɗaruruwan shekaru suna yi wa iyayen giji iri-iri aikin zubar da jini, ba wanda ya taɓa ɗaukar su a bakin komai sai makami. Ita kuwa Hayate abin da ta fara nema shi ne tef ɗin awo, ta auna su don ta saya musu tufafi. Ta dafa musu abinci, ta ba su ɗaki, ta saya wa Vita 'yar tsanar zomo da ta gani a kanti ta ƙyalla ido a kai. Ita ta zana musu kayan yaƙin da suke sawa, har da hular nan mai kan zomo a gefe. Shi ya sa Vita ta haukace da aka taɓa ta.

Littafin Duhu, kamar yadda ake kiran sa, shafi 666 gare shi, duk farare. Ana cika su ne da ƙarfin sihirin da aka zuƙe daga jikin masu sihiri da manyan dabbobi, kuma mutum ɗaya sau ɗaya kawai ake iya zuƙarsa. Idan ya cika, mai shi zai sami iko marar misali. Hayate ta ce ba ta so, ta sa Signum ta yi mata alkawarin ba za su cutar da kowa don ita ba. Sai likita ta gaya musu cewa shanyewar ƙafafun yarinyar tana haurawa sama, za ta kai ga kayan ciki, su kuma suka gane littafin ne ke cin ta saboda an bar shi da yunwa. Gaba kura, baya sayaki: su riƙe alkawari ta mutu, ko su karya shi ta rayu. Suka zaɓi karyawa a ɓoye, da sharaɗin ba za su kashe kowa ba, don kada su ɓata mata suna da jini. Da dare su fita farauta a wasu duniyoyi, da safe su dawo su zauna a teburin karin kumallo da murmushi.

Sai ya zama a kowace arangama zuciyar mai kallo a rabe take. Signum da Fate suna sara da suka a cikin hamada, kowace tana yaba gwanintar 'yar'uwarta, ba kuma wadda za ta iya ja da baya. Nanoha tana bin Vita tana roƙon a tsaya a yi magana, Vita tana ganin tsayawa magana ɓata lokacin Hayate ne. Ga kuma abin da ya fi ciwo: Suzuka, ƙawar Nanoha ta makaranta, ta haɗu da Hayate a laburare sun ƙulla ƙawance, ba wanda ya san zaren ya riga ya haɗe. Ranar jajiberin Kirsimeti Suzuka da su Nanoha da Fate suka shirya wa Hayate ziyarar ba-zata a asibiti, suka tura ƙofa da kyaututtuka a hannu, sai ga Signum da Shamal da Vita a bakin gado. Kowa ya gane kowa, ba mai ikon cewa uffan a gaban marar lafiya. Shamal ta karɓi rigunan sanyinsu ta rataye, Vita tana ta harara. Ban san wani wuri a shirin da ya kai wannan ɗaki tsanani ba, alhali ba a zare makami ko ɗaya ba.

Littafin ma cutarsa aka yi

Yuuno, wanda ya zo wa Nanoha a siffar 'yar dabbar nan ya ba ta sandarta tun farko, ya shiga wani laburare marar iyaka ya tono tarihin littafin. Ashe sunansa na asali Kundin Sararin Dare, an yi shi ne don ya riƙa yawo da mai shi yana adana ilimin masana. Wasu daga cikin waɗanda suka mallake shi ne suka yi ta taɓa tsarinsa don neman ƙarfi har ya lalace, ya koma idan ya cika sai ya hallaka mai shi da duk abin da ke kewaye, sannan ya sake ɓulla a hannun wani. Mayaƙan ba su tuna wannan ba. Duk wahalar da suke sha, kabarin Hayate suke haƙawa.

Baturen Ingila mai kyanwa biyu

Wanda ya fi kusa da zama bos shi ne Gil Graham, dattijon hafsa a hukumar, ɗan asalin Ingila. Shekara 11 kafin labarin, littafin ya ƙwace wani jirgi, Graham ya ba da umarnin a harbe jirgin da kyaftin ɗinsa a ciki, Clyde Harlaown, mahaifin Chrono kuma mijin Lindy, waɗanda su ma ma'aikatan hukumar ne. Abin bai bar zuciyarsa ba. Ya gano littafin ya koma wurin Hayate, ya riƙa aika mata kuɗi da sunan shi abokin mahaifinta ne, yana jiran ranar da zai cika don ya daskarar da shi tare da yarinyar har abada. Lissafinsa shi ne marainiya ce, masu kukan rashinta kaɗan ne. Hadimansa tagwaye, Aria da Lotte, kyanwoyi ne masu siffar mutane, su ne ke sa abin rufe fuska suna taimakon mayaƙan a ɓoye. Wanda ya kama su ya kuma ƙi yarda da shirin shi ne Chrono, yaron da littafin ya mayar maraya, wanda ya fi kowa hujjar neman fansa.

Ƙanana guda huɗu

Vita, mai fasa bene da guduma, da rana gateball take bugawa da tsofaffin unguwa, wasan da ake tura ƙwallo da sanda mai kan guduma, wanda a Japan aka san shi da wasan dattawa.

Zafira ya fi zama a siffar kyarkeci a gida saboda Hayate ta daɗe tana sha'awar kiwon kare.

Hayate da karin harshen yankin Kansai take magana, na wajen Osaka da Kyoto, kuma mai muryarta Kana Ueda 'yar can ce. Ita ce kuma Rin Tohsaka a Fate/stay night.

Kyaftin Lindy tana zuba sukari da madara a koren shayi, abin da ke sa Bajapane ya yamutsa fuska, don su haka nan suke shan sa. Mai shan shayin buta a Agadas ko Damagaram zai ce ai a batun sukari ita ce mai gaskiya.

Farar Shaiɗaniya

A saman wani bene, daren ziyarar asibitin nan, Vita ta ga Nanoha ta fito daga cikin wuta ko gezau, cikin hawaye ta kira ta shaiɗaniya. Nanoha ba ta musa ba, ta nuna ta yarda a kira ta haka in dai za a saurare ta. Masu kallo suka haɗa wannan da kayanta masu fari da shuɗi da ɗan ja, launin shahararren mutum-mutumin yaƙi na Gundam na 1979, suka laƙaba mata Farar Shaiɗaniya. Suna kuma cewa duk wanda Nanoha ta harba da babbar wutarta mai ruwan hoda, ƙarshensa ya zama amininta. Haka ne, amma a lura da tsarin abin: kullum sai ta fara faɗin sunanta, ta tambayi naka, ta nemi jin dalilinka, sai an toshe duk ƙofar magana take ɗaga sanda.

Mafarkin Fate

Da littafin ya cika ya farka a siffar wata mace mai farin gashi da jan ido, tana yaƙi hawaye na zuba, ya haɗiye Fate ya saka ta a cikin mafarki. Ita Fate ba haihuwar ta aka yi ba, ƙera ta aka yi a matsayin kwafin Alicia, 'yar Precia da ta rasu, kuma uwar ba ta taɓa kallon ta da rahama ba har ta mutu. A mafarkin sai ta farka a gado mai laushi, ga Alicia da rai tana kiran ta ƙanwa, ga Precia a teburin abinci tana tambayar ta cikin taushi ko lafiya. Uwar ta miƙo hannu za ta shafa kumatunta, Fate ta zabura, don jikinta duka kawai ya sani daga wannan hannu. Sannan ta fashe da kuka.

Ta san mafarki ne. Alicia ma ta sani, ta ce mata ta zauna mana, a nan tana da duk abin da ta rasa. Suna zaune a gindin bishiya ana yayyafi, Fate ta yi shiru mai tsawo, sannan ta zaɓi komawa inda ake jiran ta. Alicia ta miƙa mata sandarta, ta rungume ta, ta ɓace. A kashi na 11 aka yi wannan, kuma shi ne ya biya bashin da zangon farko ya bari, don a can an ceci Fate amma ba a ba ta damar yin bankwana ba. Daga baya Lindy ta ɗauke ta riƙo, ta zama Fate T. Harlaown.

Waƙar da ta buɗe ƙofa

Mai muryar Fate, Nana Mizuki, ita ta rubuta ta kuma rera waƙar buɗe shirin, Eternal Blaze, wadda ta fito a Oktoba 2005 ta hau mataki na biyu a jadawalin mako na Oricon, mai auna cinikin faya-fayai a Japan. Tun tana ƙarama mahaifinta ya horar da ita a kan enka, salon waƙar gargajiya mai karkarwar murya, kuma ana jin wannan horo a yadda take jan baiti. A 2009 ta zama ta farko cikin masu sana'ar ba da murya da kundinta ya zo na ɗaya, a ƙarshen shekarar kuma aka gayyace ta Kohaku, bikin waƙar daren sabuwar shekara na tashar NHK, ta yi shekara shida a jere tana zuwa. Wanda ya yi kiɗan waƙar, Noriyasu Agematsu, yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro Symphogear a 2012, inda 'yan mata ke yaƙi suna waƙa, Mizuki na cikinsu.

Muryar Lindy kuwa ta Aya Hisakawa ce, wadda ita ce Sailor Mercury a Sailor Moon, ita ce Kero a Cardcaptor Sakura. A 2010 suka sake haɗuwa da Mizuki a HeartCatch PreCure, ɗaya Cure Moonlight, ɗaya Cure Blossom. Yukari Tamura mai muryar Nanoha ita ma ta shiga gidan PreCure a 2018.

Maƙwabta

Irin wannan labari ya samo asali a talabijin tun 1966 da Mahotsukai Sally. Sailor Moon na 1992 ba a shirya zai wuce zango ɗaya ba, da ya karɓu sai aka ƙirƙiri kashi 13 na farkon zangonsa na biyu daga babu, don a ba marubuciyarsa Naoko Takeuchi lokaci ta yi gaba da littafin. Pretty Cure, wato PreCure, kuma tafiya ɗaya suka yi da Nanoha, zangon farko 2004, na biyu 2005, kuma daraktansa Daisuke Nishio daga Dragon Ball Z ya fito. Bambancinsu, Pretty Cure safiyar Lahadi ake nuna shi don ƙananan yara, Nanoha kuwa sai dare ya raba, don matasa da manya.

Kashi biyu na ƙarshe

Hayate, wadda ita ma littafin ya haɗiye, ita ce ta farka a cikinsa, ta tuna masa cewa ita ce uwar gijiyarsa, ta raɗa wa matar nan mai kuka sabon suna, Reinforce, ta raba ta da ɓangaren da ya lalace, ta dawo da mayaƙanta da littafin ya zuƙe. A kashi na 12 waɗanda suka yi wata guda suna gwabzawa da juna suka tsaya sahu ɗaya a saman teku. Babbar bindigar jirgin hukuma za ta iya gamawa da dodon da lalataccen ɓangaren ya zama, amma za ta share garin har da gidan Hayate, sai yaran uku suka kawo shawarar a farfasa shi a ƙasa, a cilla ƙwayarsa sararin samaniya, a harbe ta a can. Kowa ya sami nasa bugun, har sandar ƙanƙarar da Graham ya tanada don daskarar da Hayate ita Chrono ya yi aiki da ita wajen ceton ta.

Da a nan aka tsaya da an ce madalla. Sai kashi na 13 ya zo da lissafin da bai da daɗi: muddin Reinforce na raye, ɓangaren da ya lalace zai sake tsirowa daga jikinta. Ita da kanta ta roƙi Nanoha da Fate su shafe ta, da sassafe, a kan tudu, cikin dusar ƙanƙara, Hayate na barci. Hayate ta farka ta turo kekenta ita kaɗai har tudun, keken ya ci karo ta kife, tana jan jiki tana roƙon a dakata. Ba a dakata ba. Shirin da ya ceci kowa ya yarda akwai mutum ɗaya da ba zai cetu ba, ya kuma bar ta ta tafi da mutuncinta. Daga nan aka tsallaka shekara shida, aka nuna Hayate tana tafiya da ƙafafunta.

Inda ya gaza

Yana da aibi. Mutane sun yi yawa ga kashi 13, har Yuuno ya koma zaman laburare. Graham, wanda ya shirya binne yarinya da ranta, murabus kawai ya yi ya koma Ingila, hukuncin bai kai laifin ba. Mafi girma a wurina, wuraren da jaruman ke sauya kaya zuwa na yaƙi an zana su ba tare da suturar da ta dace da yara ba, abin da labarin bai buƙata ko kaɗan, kuma ya rage masa daraja.

Wanne za a fara kalla

A Yuli 2012 an sake ba da wannan labari a fim na sinima mai tsawon awa biyu da rabi, The Movie 2nd A's. Zanensa ya fi kyau, faɗansa ya fi armashi, amma an cire Graham da tagwayensa gaba ɗaya, aka rasa tambayar da ta fi nauyi, ta ko ya halatta a sadaukar da marainiya ɗaya don a tsirar da duniya. Zango na uku, StrikerS na 2007, kashi 26 ne, Nanoha ta kai shekara 19 tana horar da sojoji, yana da masoyansa amma bai kai wannan tsari ba. Shawarata, mai karatu, ka fara da zangon farko ka daure wa kashi ukun farkonsa, don sai ka san Fate za ka ji nauyin mafarkinta. Sannan ka kalli A's na talabijin kafin fim ɗin, kashi 13 ne masu kimanin minti 24, awa biyar da 'yan mintuna ke nan. In kuma da yara za a kalla, babba ya riga su gani tukuna.